Ƙurar Tattabarun Kafinta

…miji na rasa, tattabaru na samu. Haka abin yake, ba ƙari ba ragi. Tattabarun suka ciyar da ni, suka tufatar da ni, suka kai Auta makaranta har ta gama, ban taɓa tsayawa a ƙofar ƙaninka da hannu a buɗe ba — kana ji, Kafinta? Ko sau ɗaya. Su kuma suka karɓi numfashina. Ba duka ba. Likita ta ce wanda ya tafi ya tafi, wanda ya rage shi ake ciniki a kai.

Ga ni a tsakiyar matakala. Ban kai sama ba, ban koma ƙasa ba. Matakalar da nake hawa da buhun tsaba a ka, ina zagin magen maƙwabta, yau sai na zauna mata kamar baƙuwa. Simintin da sanyi. Ga tsagar nan da ka ce za ka toshe, har ta yi rassa. A sama suna ta dukan katako da fikafikai, don ban buɗe musu ba, rana ta ɗaga ban buɗe ba, sun san da magana. A ƙasa mai kaji na tsaye bakin ƙofa da kejinsa da sikelinsa, Auta tana ba shi ruwa. Na ce su bari in hau in gan su tukuna. Ta ce, Inna kada ki hau. Na ce, gidan wa?

Na dai ɗaura takunkumin hanci, don kada ta yi mini kuka a gaban baƙo.

Sikeli. Ka ji wulaƙanci? Tattabarunka a kan sikeli, kamar albasa. Tsuntsun da ake duba idonsa, a buɗe fiffikensa a rana a ƙirga gashi, a tambayi uwarsa da ubansa… shi ne za a ɗora a faranti a kalli allura.

Ni da su da farko ba ma ga maciji, ka sani. Ka kawo biyu a cikin kwali, ka ce wani da ka gyara wa ƙofa ne ya ba ka. Na ce da ya ba ka sabulu, don ga shanyata can sun fara yi mata ado. Ka yi dariya ka hau da guntayen katako. Kujerar da na roƙe ka tun ina amarya ba ka yi ba har ka koma ga Allah, amma akurkinsu har da 'yar baranda, har da tagogi. Gidan kafinta, muna zama a kan bokiti.

Da ka rasu ba wanda ya tuna da su. Gida cike da mutane, kowa na kuka, kowa na cin abinci. Sai da aka watse na ji su. Na hau da niyyar in buɗe su tafi inda za su. Na buɗe. Suka tashi suka zagaya, suka zagaya, suka dawo suka sauka a gabana suna kallon hannuna. To me zan yi? Na watsa tsaba.

Ƙaninka ya zo da hularsa a karkace — a sayar da gidan, ki dawo wajenmu, mace ita kaɗai da yarinya, tsuntsaye kuma a yanka a yi sadaka. Na ce masa albarka. Kamar a kasuwa. Bai sake zuwa ba sai bikin Auta, ya ci ya yi guzuri.

Fitonka na koya. Mace da fito, unguwa ta samu abin faɗa. Su faɗa mana. Ba sa saukowa sai da shi, wannan mai hawa biyu da saukowa ɗaya, na yi ta gwadawa a banɗaki har ya fito daidai. Ranar da suka amsa mini… bari.

Tari. Dakata ya wuce.

Busasshe ne, ba ya kawo komai, kamar mai bara a gidan da ba kowa. Haka ya fara. Na ce sanyi ne. Sai zazzaɓin yamma, sai zane ya fara zagaye ni sau biyu. A asibitin farko suka ce tarin fuka, ba su ga ƙwayar cutar a kakina ba amma suka ce ita ce, na sha magani wata da watanni, fitsari ya koma ja, maƙwabciya ta ware mini kofi a gidanta — ni! Ni da na wanke mata 'ya'ya. Na ga kofin, na ga inda ta ajiye shi nesa da sauran, ban sake taka gidan ba. Ta aiko, ta zo da kanta, ta yi rantsuwa. Ina gaishe ta a hanya. Iyakarta ke nan.

Maganin ya ƙare, tarin bai ƙare ba.

Sai Auta ta haihu na je na zauna mata. Na bar wa Tela makullin sama, wannan na bayan layinmu, da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan tsuntsayenka. A gidan Auta na warke. Wallahi na warke. Ina ɗaukar jariri, ina wanki, ina hawa ina sauka, na ce ashe hutu ne ban samu ba. Na dawo gida da hantsi, na hau na share akurki don Tela bai san tsintsiya ba, kafin la'asar jikina na kaɗawa kamar mazari, ƙirji kamar an ɗaure da igiya.

Ita wannan likitar — ƙarama ce, ba ta kai Auta ba, ga tabarau kamar gindin kofi — ita kaɗai ta tambaya. Ta sa abin sauraro a bayana ta daɗe, ta juya yatsuna tana kallon farce, sai ta ce, Mama, me kike kiwo? Na ce me ya haɗa kiwo da tari? Ta ce ki dai faɗa mini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa. Na faɗa har da alfahari, na ce ki tambaya a kasuwar tsuntsaye wace ce matar Kafinta. Ta ajiye biro.

Suka sa ni cikin na'ura mai kama da bakin rijiya. Suka zura mini siririn tiyo ta hanci, suka zuba ruwa a huhu suka zuƙe, suka kai ɗakin gwaji. Ni da ko allura sai an yi da gaske. Ta kira ni ta juyo mini da allon. Ban iya karatu ba, in ban da lambobi da sunana, amma hoto ai ba ya son malami. Huhu biyu, kamar an hura musu toka. Ta ce wurin da ya kamata ya yi baƙi, iska ce. Wannan fari-farin, faɗa ne.

Faɗa da wa?

Ta juya takarda ta zana mini. Ta ce a cikin jinin kowa akwai masu gadi, ƙanana, ido ba ya gani, fararen ƙwayoyin jini. Ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu haɗiya, manya, suna zaune can ƙasan huhu inda iska ke juyawa, duk abin da ya shigo ba da sallama ba su lanƙwame shi. Akwai masu riƙo — ita ta ce masu tunawa, ni na ce masu riƙo, ta ce to haka ma ya yi — waɗannan in sun ga fuska sau ɗaya sun gan ta ke nan har abada. In mai haɗiya ya kama baƙo sai ya nuna wa mai riƙo, mai riƙo ya yi kururuwa, unguwa ta fito. Wurin ya kumbura, ya yi zafi. Ta ce a ƙa'ida haka ake so: ƙaya ta soke ki, a taru, a yi faɗa, a fitar da ita, kowa ya koma gidansa, masu faci su zo su ɗinke wurin. An gama.

Naki, Mama, ba ya ƙarewa.

Wannan farin garin da ke fita a gashinsu, mai laushi kamar hoda, wanda in na riƙe tsuntsu yake zama mini a riga. Da busasshen kashinsu. Shi ne baƙon. Ba cuta ba ne, ba ya cizo, ba ya haihuwa, ƙura ce kawai. Amma masu riƙona sun ɗauke shi ɓarawo, kuma kullum da safe sai ya dawo. Masu haɗiya su haɗiya su kasa gamawa da shi, su kira 'yan'uwa, su kewaye shi su dunƙule su zama ƙulli, nan ƙulli, can ƙulli. Masu faci kuma ba wanda ya ce musu su tsaya, faci a kan faci, har wurin ya yi tauri kamar ƙirgi. Ta ce huhu ya kamata ya zama kamar soso. Inda ya zama ƙirgi ba ya komawa soso.

Na ce to ku kashe su mana, masu gadin. Ta yi murmushi. Ta ce in an kashe su mura ma sai ta kai ki kabari. Naki ne, Mama. Don ke suke yi.

Don ni suke yi. Ƙaninka ma haka ya ce.

Na tambaye ta, mijina ya fi ni daɗewa a cikinsu, har barcin rana yake yi a akurki, me ya sa shi bai yi tari ba? Ta ce ba kowa ba ne, wasu masu gadinsu na gani su kau da kai. Na ce lalle nasa ne. Kai da aka cuce ka a katako ka ce a bar shi, wataƙila yana da iyali. Naka masu gadin ma irinka ne, Kafinta, suna gyangyaɗi a bakin ƙofa. Nawa kuwa…

Hali zanen dutse. Har a jini.

Inna? Auta ce daga ƙasa. Ina nan. Ban mutu ba. Na ɗaga mata hannu ta ga ina motsi.

Na yi ciniki. Kada ka ce ban yi ba. Ni da dillalai ke ganina su canza layi, ni da na taɓa tsayar da wani mai mota tun safe har rana ta take a kan tsuntsu ɗaya, ya tafi ya dawo ya tafi ya dawo, ya biya abin da na faɗa tun farko har da godiya — zan zauna yarinya mai tabarau ta yanka mini farashi in ce na gode? Ta ce duka za su tafi. Na ce rabi. Ta ce duka. Na ce in bar goma, in sa takunkumi, in yayyafa ruwa kafin shara. Ta ce duka. Na ce to biyu, mace da namiji, a can ƙarshen rufi, ba zan taɓa su ba, kallo kawai. Na tashi kamar zan tafi, na kai ƙofa, ina jira ta kira ni. Kowa na kira a ƙofa. Ba ta kira ba. Na juyo da kaina, karo na farko a rayuwata. Ta cire tabarau ta murza ido ta ce, Mama, ba da ni kike ciniki ba. Da zan iya ragi da na yi miki. Su ba su san rabi ba. Gashi ɗaya da gashi dubu duk fuska ɗaya suke gani.

Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce za su sa masu gadin su lafa. Sun lafa. Fuskata ta kumbura kamar an hura, sukari ya hau, barci ya gudu, matan layi suna cewa kin yi kyau, zawarci ya karɓe ki. Ta ce ba abin sha har abada ba ne, kuma muddin suna barci ɓarawon gaske na iya shiga, in ji tari a mota in kau da kai. Wato in biya mai gadi don ya yi barci. Wane irin ciniki ne wannan?

Auta ta zo da mijinta suka juye gidan. Ta ɗaga matashin kaina ta matsa ta tsaya. Inna, mene ne a ciki? Gashi ne mana. In zubar? Shekara da shekaru ina tsince shi in sun zubar, ina wankewa, ina shanyawa, na cika matashi biyu, naka ɗin da nawa, a kansu nake kwana. Kashin ma ba na zubarwa, masu lambu na rububinsa, sai na busar na tankaɗe a rariya don mai laushi ya fi tsada, ƙurar na tashi ina ciki ina lissafi. Ba abin da ya taɓa fita gidan nan a banza. Ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Ta ƙona matasan a bayan gida, warin ya kwana biyu.

Ban gaya mata na baki ba. Likita kaɗai na gaya wa. In uwa ta mutu ko ta ƙi 'ya'yanta, ɗan shila ba ya iya ci da kansa, sai ya zura baki cikin bakin uwa. Kai ka nuna mini. A tauna tsaba, a jiƙa da yawu, a kawo shi kusa, shi zai nemo leɓe da kansa. Ɗumin bakinsa, yadda yake rawar jiki yana turowa… Nawa na raya haka? Rabin na sama da bakina suka tashi. Likita ta rubuta wani abu ba ta ɗago ba.

To na sayar. Ai na sayar, Kafinta, kada a ce taurin kai ya hana ni. Na aika wa Tela. Ya zo yana ɓoye murna, yana cewa kasuwa ta faɗi, tsuntsaye yanzu ba a yayinsu. Na ce to sai anjima. Muka kwana uku muna abu ɗaya. Ya san ba ni da lafiya, ya san dole ce, ya zaci dole za ta sa in sauko. Na sa shi ya biya kuɗin asali, kuɗin jinin iyayensu, kowane da tarihinsa. Ya kwashe su da yamma a kwanduna. Mijin Auta ya wanke rufin da tiyo. Na kwanta a kan sabon matashi na soso mai warin shago, gidan shiru kamar an yi sata.

Numfashi ya fara dawowa. Kaɗan-kaɗan, kamar mai jin kunya. Na je aka sa ni hura bututun nan nasu na auna numfashi, likita ta ga lamba ta ce yawwa Mama.

Tela ya rufe su, ya datse musu gashin fiffike, ya ba su tsaba mai kyau, ya yi duk abin da ake yi. Ya jira suka yi ƙwai a wajensa, don an ce tsuntsun da ya yi ƙwai ya zauna. Sabon gashi ya fito. Ya buɗe.

Ina wanke-wanke na ji. Tafin fikafikai, wannan kaf-kaf-kaf ɗin, sai inuwa ta gifta a kan ruwan kwano. Ban ɗaga kai ba, na sani. Suka bar ƙwai, suka bar tsaba, suka bar sabon akurki mai fenti, suka dawo kan tsohon katakonka. Duka. Ina hawa ina haki ina — to, dariya nake ko kuka, ban sani ba, ba kowa a wurin balle ya faɗa mini.

Laifinka ne. Kai ka ce tsuntsun da ba ya dawowa kaza ce. Kai kake ba direbobin manyan motoci su a kwali, su kai su garin da ba mu taɓa gani ba su saki, ka zauna a rufi da shayi kana jira, su riga motar dawowa. Wanda ya ɓata ya ɓata, wanda ya dawo shi ke haihuwa. Haka ka tace su, ni ma haka na ci gaba. Abin da ya sa suke da tsada ke nan. Abin da ya sa ba sa sayuwa ke nan.

Tela ya zo yana kumfar baki, wai na yi musu asiri, wai da ma haka nake sayar da tsuntsu sau biyu. Na shiga ɗaki na ɗauko ƙullin kuɗinsa yadda ya ba ni, ko kwancewa ban yi ba, na ajiye masa a ƙasa, ba a hannu ba. Shi ma ya shiga layin maƙwabciya.

Mijin Auta ya ce a kai su nesa, can wajen danginsa. Na ce yaro, nesa ita ce sana'arsu. Ya ce a rushe akurkin. Na ce za su zauna a kan bango, a kan tanki, a kan tagar ɗakina, su yi ta zuba hoda har su mutu ko in mutu.

Na ɓoye wa likita. Na ce sun tafi. Ai sun tafi, ban yi ƙarya ba, dawowar ce ban faɗa ba. Ina hawa da takunkumi, in watsa in gudo — gudu! — in sauko dai. Ta ba ni bututu na hura. Ta kalli lamba, ta kalle ni. Lambobi kam na iya su, na ga ta sauka ƙasa da ta farko. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na samu abin riƙewa. Ta ce, Mama, ni kina iya ɓoye mini. Sai ta nuna mini wani dattijo a baranda, da tukunyar iska a gefensa da tiyo a hanci, ɗansa na tura shi. Ta ce ba don in tsorata ki ba. Na ce ni ba na tsoro.

Ba mutuwa nake tsoro ba, ka sani. Turawar. Auta na tura ni, ƙaninka na zuwa dubiya da hularsa a karkace yana cewa da ma na faɗa. In nemi a ɗaga ni, in nemi a kai ni banɗaki. Hannu a buɗe.

Jaririn Auta ya fara tafiya. Jiya ya gudu ya nufi titi, na tashi in kamo shi, taku kaɗan na tsaya na dafa bango. Mai shago ne ya cafke shi. Na tsaya ina kallo, bakina a buɗe kamar kifi. Da yamma na ce a kira mai kaji.

Iya, rana na yi fa! Mai kajin ne daga ƙasa. Muryarsa kamar ta agwagwa. Tun ɗazu ya taya — kuɗin nama, kilo bisa kilo, kuma a rage, wai tsofaffi ne, sai an kwana ana dafawa, wai ma taimakona yake yi. Na san abin da zai sayar. Na san inda zai kai, na san ribarsa har ta man babur. A da da kallo ɗaya zan sa ya ninka. In ce masa albarka, in juya baya, in ji takunsa yana biyo ni…

Na buɗe baki in faɗa ɗazu. Tari ne ya fito.

Wa zai biyo ni? Ya san ba wani mai saye. Mai son su da rai ba zai iya riƙe su ba, mai iya riƙe su wuƙa ce a hannunsa. Ciniki sai da ƙofar fita, ni kuwa an toshe tawa ta ciki. Su waɗancan ƙananan masu gadin, da ba su da ido ba su da kunne, sun fi ni iya tsayawa a kan magana. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya fi ni ba sai da aka leƙa cikin ƙirjina. Na so in ce musu ya isa, ƙura ce, ta gida ce, shekara nawa muna tare, ku kau da kai sau ɗaya mana… da wane baki? Maƙwabciya ta faɗa mini haka a kan kofi. Kusan kalma bisa kalma.

Daga nan ina hango bakin rufi. Sama fari. Tankin ruwa. Wani abu a kan tankin ya motsa.

Toka ne, namijin tattabarar nan.

Ya fita. Ta katakon nan na baya da ƙusarsa ta saki, wanda na ce ka gyara — ka ga? Tsoho, ido ɗaya ya yi hazo, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ci a tafin hannunka. Ya karkata kai yana kallona da mai kyan. Mai kaji ba zai kama shi ba ko zai kwana, Auta ma haka. Ba ya sauka sai da fito. Ba ya sauka a hannun kowa sai nawa.

In na yi shiru ba wanda ya gan shi. A kwashe sauran, a wanke rufi, shi ya dawo da yamma ya tarar ba kowa, ya zauna a tagata. Ɗaya tak. Tsoho. Kwana nawa ya rage masa? Wa zai…

Gashi ɗaya da gashi dubu.

Akwai tsaba a ƙullin zanena, kullum akwai, hannuna ya riga ni kwancewa. Ban san ko fiton zai fito ba, rabona da in kai ƙarshensa tun kafin Tela. Hawa biyu, saukowa ɗaya. Sai na sauke takunkumin tukuna.

Auta. Gaya masa ya hau.

Gaya masa kuɗin nama, yadda ya taya, ba zan ƙara ba, kada ya ƙara mini magana. Akurkin gyara ne a kan cinikin, ya kwance ya tafi da katakon har ƙusa, kada ya bar mini ko guntu. Kada ya yanka a layin nan. Na kan tanki kuwa ba ya hawa sikeli. Ni zan kira shi, ni zan miƙa masa, kyauta — abin da ba a saya ba, ba a cewa an same shi da arha.

Ni kuma abin da zan karɓa… numfashin da zai kai ni sama. In hau ba hutawa, in tsaya, in ga siminti.

Shi ke nan farashin, Kafinta. Ban taɓa sayar da kaya haka ba.

Na haɗa leɓe. Iska ce kawai, ba sauti. Ya dai ɗago kai.

Na sallama.